Baitocin da Na Tsallake wa Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara, musamman sarkin rigimar nan naki da ya ce zai aure ni in ya girma. Ki ce masa ina nan ina jira, amma ya fara daina fitsarin kwance tukuna. Yaya aikin asibiti, yaya kuma ciwon bayan? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Inna tana gaishe ki, ta ce ki daina aiko mata da takalma masu tsini, ita ba budurwa ba ce.

Idon Baba ne dai sai a hankali. Na kai shi wurin likitan ido kamar yadda kika matsa. Ya ce yanar ido ce ta rufe idanun duka biyun, amma ana cire ta, za a fara da na dama. Da kina wurin da kin sha dariya. Likita yana bayani da Turanci, sai ga Baba ya miƙe tsaye, ya mai da hannuwa baya, ya juya wajen Inna ya fara: ni likita, na duba idon wannan tsoho, na ga ya yi sakaci da kansa. Likitan ya saki baki yana kallonsa. Kin dai san halin ubanki. Shekara nawa da barin aikin tafinta a kotu, amma har yau ba ya iya fassara magana sai a tsaye, kuma sai ya ce "ni" a madadin mai maganar. Kin tuna yadda yake fassara wa Inna labaran rediyo muna yara? Yau shi ne shugaban ƙasa, gobe shi ne matar da aka sace wa keken ɗinki, mu kuwa muna bayan ƙofa muna toshe baki.

Tun da idon ya yi nauyi ni nake masa karatu in na dawo daga makarantar da nake koyarwa. Yana zama a baranda kan kujerarsa mai karyayyen hannu, ni ina kan ƙaramar kujerar Inna, in karanta masa jarida, wani lokaci tsofaffin littattafansa na waƙoƙin Turawa. Har ya raɗa min suna, wai Akawu. In na yi latti sai ki ji shi yana tambayar Inna ko Akawu ta ajiye aiki ne ba sanarwa.

To Yaya, ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Na ɗebo wa kaina ruwan dafa kai, kuma ban da ke ba ni da wanda zan faɗa wa.

An zaɓi waƙata ɗaya za a sa a littafin da ake haɗawa na mawaƙan ƙasar nan masu rubutu da Turanci, wanda za a riƙa koyarwa a makarantun sakandare. Na san kin fara murna, ki dakata. Waƙar a kan Baba ce. Da daminar nan na rubuta ta, bayan wani taron marubuta da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan ko mai rubutu da harshen Turawan mulki zai iya kiran kansa mawaƙin ƙasa. Akwai wani mai gemu a cikinmu, bakinsa kamar reza, ya dube ni a gaban jama'a ya ce ai wasunmu gadon abin suka yi, iyayensu ne suka riƙe wa Bature baki. Aka yi dariya. Na dawo gida zuciyata tana tafasa, maimakon in huce a kan mai gemu, sai na huce a kan Baba.

Farkon waƙar ba laifi. Saurayi ne cikin farin kaki, yana tsaye tsakanin alƙali Bature da mutanen gari. Ƙarshenta ma ba laifi, 'yarsa ce riƙe da alƙalami tana rubutu da harshen da ya ba ta. Baitoci biyu na tsakiya su ne masifar. A ciki na kira shi akun Bature. Na ce da muryar ɗan'uwa yake isar wa talaka hukuncin baƙo. Na kawo dokar nan tasa ta cewa ba a Hausa a kan teburin cin abinci, na ce shi ya mai da uwarmu bebiya a gidanta. Na kuma ce ina jin kunyar jininsa a jikina. Wallahi Yaya, lokacin da nake rubutawa daɗi nake ji, gani nake na zama jaruma.

Na ɗauka abin zai tsaya tsakaninmu 'yan taro. Ashe tsohon hedimasta na bayan layinmu ya ji labarin zaɓen, bai ma ga waƙar ba, ya kwaso jiki ya zo yi wa Baba barka. Ina shigowa Baba ya ce in ɗauko in karanta masa. Na ɗauko takardar, na karanta farko, da na iso tsakiya na yi tari, na tsallaka zuwa ƙarshe. In an cire baitocin nan biyu, waƙar yabo ce tsantsa.

Baba ya ce in sake. Na sake, na kuma tsallakewa. Sai ya miƙe ya kira Inna daga kicin, ya mai da hannuwa baya, ya fassara mata: ni 'yar tafinta, da harshen da ubana ya ba ni nake rubutu. Muryarsa tana rawa. Inna ta ce to madalla, ashe dai karatun ya yi rana. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu ya haddace guntuwar waƙar, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya rera masa, har mai kawo ruwa bai tsira ba. Kuma ya ce ranar da aka buɗe masa ido, ita zai fara karantawa da kansa.

Ki gaya min yadda zan yi. Ki zage ni in kin ga dama, na cancanta, amma ki haɗa da shawara. A gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Akawun Baba


Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gidan. Yaya jikin ƙaramar, zazzaɓin ya sauka? Allah ya ƙara sauƙi. Takardarki ta iso, zagin ma ya iso bai zube a hanya ba. Na karɓa. Abu ɗaya kawai zan musa: ba neman suna ya sa ni ba. Ko kuma dai, a bar wannan, wataƙila da shi a ciki.

Kin ce in durƙusa in gaya masa gaskiya kafin ya gani da idonsa. Ke da kike nesa faɗar tana miki sauƙi. Ni ce nake ganin fuskarsa in yana rera ta.

Na bi wata hanyar, ba ta ɓulle ba. Na je ofishin masu buga littafin in ce na janye. Ofishin yana saman wani shagon sayar da fanka, sai kin bi wata matakala mai duhu da warin tawada. Na tarar da Farfesan da ya haɗa littafin zaune cikin tarin kwalaye, ya cire takalmi yana shan shayi. Kwalayen nan, Yaya, littafin ne, an riga an buga. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce waƙata ita ce zuciyar littafin. Ya ce yanzu ba a kan ubana take ba, a kan ƙasa take, domin kowa a ƙasar nan ɗan tafinta ne, duk mun ari bakin wani muna kuka da shi. Ya ce ni ce muryar waɗanda aka hana magana. Ya yi ta zubo manyan kalmomi, ni dai ina kallon safarsa mai huji.

Na so in tambaye shi, wace ƙasa? Inna ba 'yar ƙasa ba ce? Ita da maƙwabtanmu da masu shagunan layinmu, waye a cikinsu zai iya karanta layi ɗaya na littafin nan? A gidanmu kaf, mutum ɗaya ne zai fahimci kowace kalma da inda ta dosa, shi ne wanda na zaga. Ban tambaya ba. Na karɓi kwafina na kyauta, har da cewa na gode.

Ban yi niyyar nuna wa Baba ba, amma ya ji ƙanshin sabuwar takarda a jakata. Hancinsa da kunnensa sun ƙara kaifi tun da ido ya tafi. Ya karɓa ya shafa bangon, ya ce in buɗe masa shafin. Na buɗe. Ya bi layukan da yatsa yana murmushi, yatsan ya bi ta kan baitin aku bai sani ba. Ya naɗe gefen shafin, ya sa littafin a aljihun rigarsa, yanzu da shi yake yini.

Ga abin da ya fi wannan muni, kuma ke ma'aikaciyar asibiti ce, na san ba za ki yafe min da wuri ba. Asibitin sun kira ni, sun ce an sami gurbi, a kawo Baba a yi aikin a makon da ya wuce. Katinsa a hannuna yake, ni suke kira. Na ce musu ina da jarrabawar ɗalibai, a ɗaga zuwa wata mai zuwa. Jarrabawar akwai ta, ban yi ƙarya ba, amma da na nemi izini da an ba ni. Na ajiye wayar na ji wani sanyi a raina, kamar an sauke min kaya. Ki duba fa, Yaya. Ubana yana lalube a cikin gidansa, ni ina jin daɗin an ƙara masa wata guda a duhu. A gida na ce musu asibiti ne suka ɗaga. Baba ya ce ba komai, haka aikin gwamnati yake.

Shekaranjiya da safe Inna ta ajiye butar shayi a kan tebur ta koma kicin. Baba bai son a riƙa yi masa komai kamar jariri, ya lalubo kofi zai zuba da kansa. Ruwan zafin nan ya kwarara a bayan hannunsa na hagu. Bai yi ihu ba, sai ƙarar butar muka ji. Fatar ta tashi, na wanke na sa magani kamar yadda kika taɓa koya min, mai kemis ya ce ba ta yi zurfi ba. Ina ɗaure masa hannun yana ba ni haƙuri, wai ya ɓata min lokacin tafiya aiki. Abin da ya fara lalubawa da ɗaya hannun shi ne aljihunsa, ko littafin ya jiƙe.

Da an yi aikin ranar da suka ce, da yana ganin kofin nan. Ni na ƙona shi, Yaya, butar ba ta da laifi. A ranar na je asibitin da ƙafata, na yi ta roƙo har wata nas mai kirki ta sama mana gurbi a mako mai zuwa.

Kada ki gaya wa Inna maganar ɗagawar, don girman Allah. Zan faɗa da bakina in na sami ƙarfin hali. Ki sa mu a addu'a. Ina gaida maigidan, a shafa min kan yara.

Taki,
Akawu


Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Wannan gajeriya ce, a kan bencin asibiti nake rubuta ta, ki yi haƙuri da rubutun.

An yi aiki, an gama lafiya, alhamdu lillahi. Likita ya ce komai ya tafi daidai. An rufe idon da auduga da wani ɗan murfi, gobe za a buɗe, sai kuma a gwada masa tabarau in ya warke. Hannun ma yana bushewa. Ki kwantar da hankalinki.

Da rana Inna ta koma gida ɗauko abinci, aka bar ni da shi. Na ce to ga dama ta samu. Na jawo kujera, na ce Baba akwai maganar da nake son yi a kan waƙar nan. Ban rufe baki ba ya karɓe zancen. Ya ce shi ma tun da ya ji ta yake ta tuna kotu, abubuwan da bai taɓa ba mu labari ba.

Ya ce akwai wani manomi da aka yanke wa hukuncin da bai gamsu da shi ba, ya dubi alƙali Bature ya tsine masa, shi da iyayensa. Kowa ya zuba wa Baba ido, ana jiran ya sassauta. Ya ce ya mai da hannuwa baya, ya dubi Baturen ya ce: ni, na tsine maka, kai da uwarka da ubanka. Da Turanci mai kyau, bai rage ko wasali ba. Baturen ya yi jawur, kuma daga ranar bai ƙara amsa gaisuwarsa ba. Ya ce wata rana kuma Baturen ne ya ci mutuncin wata tsohuwa, shi ma ya faɗa mata yadda aka faɗa, da "ni" ɗinsa, tsohuwar ta tofa masa yawu a gaban riga. Ya ce duka biyun ya koma gida ya kasa cin abinci. Amma in tafinta ya fara gyara wa mutane magana don a so shi, to ya zama maƙaryaci, gara ya koma sayar da gawayi.

Sannan ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne idanun mutane. Mutum da gemunsa da iyalinsa, ana maganar gonarsa ko ɗaurinsa, shi kuwa ya kafe bakin wani yaro da ido yana jiran ya ji makomarsa. Ya ce tun a lokacin ya yi rantsuwa 'ya'yansa ba za su taɓa jiran bakin kowa ba. Ya ce ya san ya tsananta mana, mun sha ranƙwashi a kan tebur, amma ga shi yau Akawu tana rubuta abin da ƙasa za ta karanta.

Ya juyo da fuskar nan mai auduga ya ce, to me kike son cewa? Na ce ba komai Baba, dama tambaya zan yi ko akwai kuskure a waƙar. Ya ce in bari ya gani da idonsa, kunne yana yafe abin da ido ba ya yafewa.

Kin ga ƙanwarki, jarumar taron marubuta. Ga Inna can ta dawo, bari in tsaya nan. Sai na sake rubutowa.

Akawu


Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki baki ɗaya. Ina fatan kowa yana lafiya, yara suna karatu. Na ga takardunki biyu, ki yafe min shirun. Ba ƙin amsawa na yi ba, na rasa ta inda zan fara ne.

Ido ya buɗe. Ranar da aka cire audugar, Inna ya fara gani, ya ce ashe haka ta tsufa ba ta gaya masa ba. Ta ce shi ma ya nemi madubi. Muka yi dariya har da likita. Likitan ya hana shi karatu sai tabarau ya iso. Na yi tunanin yage shafin, na yi tunanin ɓatar da littafin. Ban yi ko ɗaya ba, ba don kirki ba, don littafin ba ya barin aljihunsa ne.

Ranar Asabar da hantsi na karɓo tabarau. Muna falo, Inna tana ninke wanki a kan doguwar kujera. Ya saka, ya dubi agogon bango, ya dubi tabon hannunsa, sannan ya zaro littafin ya buɗe inda ya naɗe. Na tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ni. Ina ganin leɓɓansa suna motsi, yana murmushi, domin farkon ya haddace. Sai leɓɓan suka tsaya. Ya matso da littafin kusa da fuska. Ya karanta har ƙasa, ya koma sama, ya sake bi a hankali. Bai ɗago ya dube ni ba.

Inna ce ta lura. Ta ce Malam, yau waƙar ta yi tsawo, ko an ƙara mata ne? Ya ce e, akwai wadda ba ki ji ba. Ta ce to a faɗa mata mana, ai ita ma da rabonta a ciki.

Yaya, sai ya miƙe. Ya miƙo min littafin ya ce, Akawu, karanta layi-layi, ni in fassara. Na ce Baba don Allah. Ya ce mai magana shi ke fara faɗa, tafinta ya biyo baya, haka aikin yake. Ya mai da hannuwa baya ya fuskanci Inna.

Na fara. Ina faɗa da Turanci, yana mayarwa da Hausa. Da muka iso tsakiya, idona ya sauka kan baitin ƙarshe, na buɗe baki zan tsallaka yadda na saba. Ya ɗan girgiza kai kawai, ya ci gaba da tsayuwa yana jira. Na karanta. Kuma ga abin da ya fito daga bakin ubanmu, a tsaye a falonsa, da muryarsa ta kotu:

"Ni 'yar tafinta, na ce ubana aku ne a kejin Bature, abin da aka faɗa masa shi yake faɗa. Ni na ce da muryar ɗan'uwa yake miƙa wa talaka hukuncin baƙo. Ni na ga uwata a kan teburinsa, an ɗaure mata harshe, tana tauna shiru tare da abinci. Ni ina jin kunyar jininsa a jikina."

Bai sassauta ko kalma ɗaya ba. Muryarsa ba ta yi rawa ba, ni ce na yi tuntuɓe har sai da na maimaita layin ƙarshe. Abin da zai ba ki haushi, Hausar tasa ta fi Turancina kyau. Ni da na rubuta waƙar ban taɓa iya faɗinta da Hausa ba, ko a zuciyata. Da Turanci ado ne da gwaninta, ana tafa min. Da na ji ta da harshen gida sai na ji zagin uba ne kawai, irin wanda in yaron maƙwabta ya yi za mu ce ba shi da tarbiyya.

Ya kai har ƙarshe, har wurin alƙalami da harshen da ya ba ni. Sannan ya ce magana ta ƙare, ya zauna.

Inna ta ajiye rigar da take ninkewa. Na ɗauka kuka za ta yi, ko ta rufe ni da faɗa. Sai ta tambaye ni, a hankali, yaushe ta gaya min an ɗaure mata harshe? Ta ce lokacin cin abincin nan shi ne kaɗai lokacin da take hutawa da surutunmu, tana kallon 'ya'yanta suna abin da ita ba ta samu ba, tana jin daɗi. Ta ce akwai ranakun da abin ya yi mata ciwo, ba ta musa ba, amma wannan tsakaninta da mijinta ne, kuma ta faɗa masa tun ba a haife ni ba, da bakinta. Ta dube ni ta ce, ashe ke ma tafinta ce. Sai dai shi ubanki yakan jira mutum ya yi magana tukuna.

Ta kwashi wankinta ta shige ɗaki. Farfesa ya ce ni ce muryar waɗanda aka hana magana. Ga ɗaya daga cikinsu, gida ɗaya muke kwana, ban taɓa tambayarta ba.

Na durƙusa a gaban Baba na faɗi komai, har da maganar ɗaga ranar aiki. Na ce ni na sa ya ƙone. Ya dubi hannun, ya ce ai ya warke. Na ce ya yafe min. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, in tashi ƙasa da sanyi. Iyakar abin da ya ce ke nan. Da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Tun daga ranar bai ƙara rera waƙar ba. Hedimasta ya zo ya roƙa, Baba ya ce masa maƙogwaronsa ba daɗi. Littafin ya bar aljihu, yana kan kanta tare da tsofaffin littattafansa, bai jefar ba, bai ɓoye ba. Jarida kuma da kansa yake karantawa yanzu. In na dawo daga makaranta ina tarar da shi a baranda da tabarau, ƙaramar kujerar tana jingine da bango. Yana amsa gaisuwata da fara'a, ya tambayi ɗalibai. Ba wanda yake tambayar ko Akawu ta yi latti. Sabon zango kuma littafin zai shiga aji, ni ce zan tsaya a gaban yara in koyar da shi.

Abu ɗaya ya rage min, ɗiga masa maganin ido, don hannun Inna yana rawa. Jiya da safe ya kwantar da kai a jikin kujera, na buɗe fatar idon da yatsa. Yana kallon sama ya ce, Akawu, na duba waƙar nan da kyau kamar yadda kika roƙa. Na ce to Baba. Ya ce babu kuskure ko ɗaya. Ya ce baitin akun nan ma ya fi sauran tsari, Baturen da ya yi wa aiki bai iya Turanci haka ba. Ya ce wahalarsa ba ta tafi a banza ba.

Kuma Yaya, ba gatse yake yi ba, na san muryarsa ta gatse. Da gaske yake. Na ɗiga maganin, ya gangaro ta gefen kuncinsa, na sa auduga na goge.

An ba mu ranar aikin idon hagu, na karɓi ta farko da suka faɗa. In za ki sami hutu ki zo, ko na kwana biyu ne. Ba don shi ba, shi yana nan garau. Inna tana gaishe ki. Ki gaida maigidan da yara, ki ce wa angona na fasa, ya nemi mai hankali.

Ƙanwarki,
'yar tafinta